Yadda ake gane makero, ƙazuwa da ƙyasbi, da yadda ake maganinsu ba tare da an ɓata fata ba

Mai ƙaiƙayi ba ya da haƙuri. Da yawa daga masu ciwon fata a Sakkwato, kafin su ga likita sun riga sun tsaya kemis ɗin bakin layi, sun naɗe hannun riga sun nuna, an miƙo musu ɗan kwalin kirim ɗin nan da ake cewa mai haɗi uku. Kwana biyu ƙaiƙayi ya kwanta, a ce an dace. Wata bai cika ba abin ya dawo, ya ninka faɗinsa na da. Abin da ke faruwa shi ne, a cikin irin wannan kirim akwai sinadarin sitiroyid mai ƙarfi. Yana danne ja da ƙaiƙayi nan take, amma yana kashe wa fata ƙarfin kare kanta a wurin, sai ƙwayar cuta ta samu sarari ta yi ta yaɗuwa a ɓoye.

Saboda haka aikin farko shi ne a juya kwali a karanta. Sunayen magunguna za mu kawo su yadda suke a rubuce a jikin kwali, don a iya dubawa. In an ga clobetasol, betamethasone, beclomethasone ko dexamethasone, a ajiye kirim ɗin tukuna har a san abin da ke jikin fata.

Dubawa kafin shafawa

A duba fata da rana, a inuwa mai haske, kada a dogara da fitilar waya. A wanke wurin da ruwa zalla, a bari ya bushe, don mai yana ɓoye ɓawo. Sai a tambayi kai: a ina abin yake a jiki, yaushe ya fi ƙaiƙayi, akwai wani a gida mai irinsa, kuma me aka riga aka shafa? Zobe mai tudun baki da ɓawo, tsakiyarsa ta fi lafiya, makero ne. Ƙaiƙayin da ke hana barci, kuma mutum biyu ko uku a gida na susa, ƙazuwa ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Dabbare-dabbare masu haske ko duhu a ƙirji, baya da wuya, waɗanda in an karce su da farce sai gari-gari ya tashi, ƙyasbi ne. Fata busasshiya mai kauri a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa, tana tafiya tana dawowa tun yarinta, wannan kirci ne, kuma a cikin huɗun nan shi kaɗai ke da buƙatar sitiroyid, shi ma mai sauƙi.

Makero

Ƙwayar fangas ce ke kawo shi, ana ɗaukarsa daga mutum, daga kyanwa, ɗan maraƙi ko akuya, da kuma kayan aski. Na jiki da na kai maganinsu ya bambanta, kuma a nan ne iyaye suka fi asarar kuɗi.

Na jiki kirim ya ishe shi. A samo clotrimazole kashi 1 cikin 100, ko terbinafine kashi 1 cikin 100, wanda ba a haɗa shi da komai ba. A wanke wurin, a tsane shi sosai da tawul ɗin da ba wanda zai ƙara amfani da shi. A shafa sirara, safe da dare, a wuce bakin zoben da kamar faɗin yatsu biyu, domin ƙwayar tana gefen da ido ke ganin lafiya lau. Terbinafine mako ɗaya zuwa biyu, clotrimazole mako biyu zuwa huɗu, kuma bayan zoben ya ɓace a ƙara mako guda ana shafawa. Wanda ya tsaya ranar da ƙaiƙayi ya daina, ya sa ran baƙonsa zai dawo. In a matsematsi ne, a sauya gajeren wando kullum, a shanya shi a rana, a kuma duba tsakanin yatsun ƙafa, don sau da yawa daga can yake hawowa. Masu yawan alwala da ke mayar da ƙafa cikin takalmi rufaffe da danshi su riƙa tsane tsakanin yatsu.

Na kai kuwa, wanda ke cinye gashin yara ya bar fili-fili mai toka-toka, kirim ba ya kai masa. Ƙwayar tana cikin silin gashi har saiwa, dole sai maganin sha. Ana ba da griseofulvin bisa nauyin yaro, miligiram 20 zuwa 25 ga kowane kilo a rana, na mako shida zuwa takwas. Yaro mai kilo 20 ke nan zai sha tsakanin miligiram 400 da 500 kullum. A auna yaron a sikeli, kada a yi kirdado, likita ko masanin magunguna ya lissafa. Sirrin wannan magani shi ne maiƙo: hanji ba ya tsotsarsa da kyau sai an sha shi da abinci mai mai, kamar madara, kindirmo, kunun gyaɗa ko tuwo da man shanu. In aka ba yaro da ruwa a kan cikin da ba komai, rabin aiki aka yi. Wani lokaci likita kan zaɓi ƙwayar terbinafine ta mako huɗu. Mai ciki ba ta shan griseofulvin.

Tare da maganin sha, a riƙa wanke kan da shamfu mai ketoconazole kashi 2 cikin 100 sau biyu a mako, a bar kumfar minti biyar kafin a ɗauraye. Shi kaɗai ba ya warkarwa, amfaninsa rage yaɗuwa, shi ya sa ya kamata sauran yaran gida su ma a wanke musu. Hula, rigar matashin kai da ɗankwali a wanke da ruwan zafi. Mataji a jiƙa shi minti goma a ruwan Jik ko Hypo, murfi ɗaya ga murfi goma na ruwa. Wajen aski, goge bakin kilifa da kananzir ko wuce shi ta kan wutar laita bai wadatar ba. In da hali gida ya mallaki kilifarsa, wanzami kuma ya ɓare sabuwar reza a gaban ido.

Idan kan ya kumbura ya yi tudu mai taushi yana tsatsafar da ruwa, kada a kai a tsaga shi da sunan maruru. Makero ne ya harzuƙa, tsagawa tabo kawai za ta bari inda gashi ba zai sake fitowa ba. Haka nan man birki, ruwan batir da dakakkiyar tafarnuwa da wasu ke ɗorawa: ƙona fata suke yi, ƙwayar na nan daram a saiwar gashi.

Ƙazuwa

Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana haƙa rami a saman fata ya yi ƙwai. Wuraren da ya fi so su ne tsakanin yatsun hannu, wuyan hannu, hamata, cibiya, ƙugu, ɗuwawu, kan nono da al'aurar namiji. A jarirai har tafin hannu, tafin ƙafa da kai. Ba shi da ruwa da tsabta ko ƙazanta, cunkoso yake bi: tabarma ɗaya, bargo ɗaya, musamman cikin hunturu da ake matsuwa wuri guda, da kuma makarantun kwana da tsangayu. Wanda ya ɗauka karo na farko yakan yi mako huɗu zuwa shida kafin ya fara susa, alhali yana rabawa. Wannan ne dalilin da ya sa ake yi wa duk mutanen gida magani a dare ɗaya, da mai susa da wanda bai fara ba. In aka yi wa yaro aka bar uwa, ko aka yi wa ɗaki ɗaya aka bar na kusa da yara ke kwana a ciki, an yi aikin baban giwa.

Maganin da ya fi sauƙin aiki shi ne kirim ɗin permethrin kashi 5 cikin 100. Babban mutum na buƙatar giram 30 a shafi ɗaya, mai jiki har biyunsa. A yanke farce, a yi wanka da ruwa marar zafi, a bari jiki ya bushe ya huce. A shafe jiki duka daga wuya zuwa tafin ƙafa, har inda ba ƙurji ko ɗaya, a cusa ƙarƙashin farce, cikin cibiya, bayan kunne da tsakanin yatsu. Wani ya taya shafa baya. Ƙananan yara da tsofaffi a haɗa da fatar kai da fuska, a kauce wa ido da baki. Ana barinsa awa 8 zuwa 12. Dabarar da ta dace da mu ita ce a shafa da zarar an idar da Isha'i, a wanke da Asuba, lokacin ya cika ba tare da alwala ta shiga tsakani ba. Duk wanda ya wanke hannu ko ya yi tsarki cikin dare ya sake shafa wurin. Bayan kwana bakwai a maimaita komai, don ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe a lokacin.

In ba a samu ba, akwai benzyl benzoate kashi 25 cikin 100, farin ruwan nan mai araha. Yana da raɗaɗi, musamman inda aka sosa. Manya su shafa shi yadda yake, yara 'yan shekara biyu zuwa sha biyu a sirka musu rabi da rabi da ruwa, kada ya taɓa fuska. Ana barinsa awa 24, a wanke, a sake shafawa na wata awa 24, kuma bayan kowace alwala a mayar da shi a hannu da ƙafa. Ɗan ƙasa da shekara biyu, mai ciki da mai shayarwa su bi ta asibiti kafin su taɓa shi. Ƙwayar ivermectin ma tana aiki, amma ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba, kuma likita ke rubuta ta.

Washegarin shafi a kwashe kayan da aka sa da na shimfiɗa na kwana ukun da suka wuce, a wanke da ruwa mai zafi sosai, a shanya, a goge. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a baƙar leda mako guda, a bar ta a rana. Ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku in ba a jikin mutum ba, ranar Sakkwato kuwa ba ta raga masa. Katifa, tabarma da darduma a shimfiɗa su a tsakar gida wuni guda. Ba sai an fesa wa ɗaki maganin ƙwari ba.

Ga inda mutane ke ruɗewa: ƙaiƙayi kan ci gaba mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwaron ya mutu, domin jiki na faɗa da ragowarsa a fata. Sai a yi ta maimaita magani kullum har fata ta ƙone, a ce ƙazuwar ta ƙi ji. A wannan lokaci basilin da ƙwayar cetirizine da dare sun isa. Sabbin ƙuraje bayan mako biyu ne ke nuna magani bai ci ba, ko an sake ɗauka. In wuraren susa suka yi ruwa da ɓawo mai launin zuma, wata ƙwayar ta shiga, ana buƙatar maganin asibiti. Yaron da bayan haka fuskarsa ta kumbura ko fitsarinsa ya koma kalar shayi, a kai shi a ranar, ƙoda ce ta taɓu.

Ƙyasbi, da wanda yake kama da shi

Ƙwayar ƙyasbi tana zaune a fatar kowa, zafi, gumi da maiƙo ne ke sa ta yi yawa, shi ya sa take bunƙasa daga bazara zuwa damina, kuma ba a cika ɗaukarta daga wani ba. A shafa shamfun ketoconazole a jiki kamar sabulu, daga wuya zuwa ƙugu har damatsa, a bar shi minti biyar zuwa goma, a ɗauraye, kullum na kwana biyar. Launin fata ba ya dawowa sai bayan makonni, wani lokaci watanni. In an karce ba gari ya tashi, ƙwayar ta mutu, saura haƙuri. Mai yawan samunsa ya riƙa yin wankan sau ɗaya ko biyu a wata tun daga Maris.

Amma duk farin tabon da ba ya ƙaiƙayi, ba ya ɓawo, a gwada shi da auduga. Mutum ya rufe ido, a taɓa tabon a taɓa gefensa. In ba ya jin taɓin a kan tabon, to a je a duba kuturta. Maganinta kyauta ne, wata shida ko sha biyu, kuma wanda ya fara da wuri ba ya rasa yatsa ko ɗaya. Asibitin Amanawa da ke jihar Sakkwato ya daɗe da wannan aiki.

Hunturu da bazara

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na tsotse ruwan fata. Wanka ya zama gajere, da ruwa mai ɗumi kaɗan, sabulu a hamata, matsematsi da ƙafa kawai. A rage dirza da soso, a daina zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka, yana ƙara busar da fata. Mai kuwa a shafa shi cikin minti uku da fitowa, jiki na da danshi. Basilin da man kaɗanya ba sa ƙara wa fata ruwa, rufe wanda ke ciki suke yi, don haka wanda ya bari ya bushe ƙayau sannan ya shafa, ƙyalli kawai ya samu. Mai kirci ya shafa mai sau uku ko huɗu a rana, in ya tashi a sa hydrocortisone kashi 1 cikin 100 safe da dare na mako guda. Abin da aka matso daga kan yatsa zuwa gaɓar farko ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu.

Faso da kaushi: a jiƙa ƙafa minti goma zuwa sha biyar, a goge da dutse a hankali, a shafa kirim mai urea kashi 20 zuwa 25 cikin 100, a bi da basilin, a kwana da safa. Mai ciwon suga kada ya kusanci ƙafarsa da reza, kuma ya duba ta kullum.

A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai ƙurajen zafi. Hanyar gumi ce ke toshewa, don haka man da ya yi rana a hunturu yanzu shi ne matsala. A watsa ruwa mai sanyi, a sa tufafin auduga masu sakewa, a shafa calamine. Jariri ba ya buƙatar hula, safa da shawul a irin wannan zafi, ko da kaka ta ce a rufe shi.

Ƙurajen fuska da baƙin tabo

A fatarmu tabon ya fi ƙurjin daɗewa, kuma matsa ƙurji ke zurfafa shi. A wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mai laushi. Da safe a shafa benzoyl peroxide kashi 2.5 ko 5 cikin 100, a kula yana koɗar da hijabi da rigar matashi. Da dare a shafa adapalene kashi 0.1 cikin 100, gwargwadon ƙwayar wake ga fuska duka, a fara da dare ɗaya a tsallake biyu har fata ta saba. Mai ciki ko mai neman ciki ta bar adapalene. Sakamako sai mako takwas zuwa sha biyu, a makonnin farko ma abin kan ƙaru. In ƙurajen sun taru a goshi, a tuhumi man kitso. Lemun tsami da man goge baki ba abin da suke ƙarawa sai ƙuna da sabon tabo. Man kare rana mai lamba 30 ko sama kowace safiya shi ke hana tabon ƙara duhu. Ƙuraje manya masu zafi da ke barin rami aikin likita ne.

Mai shirin biki ta sani, ba a yin halawa ko dilka mai dirza a fatar da ke kan adapalene ko wadda bilicin ya sirantar, saɓulewa take yi. Baƙin lalle kuma yawanci da sinadarin rinin gashi a ciki. Wadda ya taɓa tasar mata ƙuraje ta bar shi har abada, shi da rinin gashi.

Barin bilicin

Dokar NAFDAC ta hana sa sinadarin makuri da sitiroyid a kayan kwalliya, ta kuma hana hydroquinone ya wuce kashi 2 cikin 100. Haɗin da ake zubawa a roba ba suna ba rubutu kuwa, ba mai iya ce miki ga abin da ke ciki. Alamun ɓarna su ne nankarwa masu faɗi, jijiyoyi a fili, ƙuraje, gashi a fuska, makero mai naci, da baƙi-baƙin da ke kwanciya a kumatu wanda da wuya ya goge.

Wadda ta yi 'yan makonni kawai tana iya dainawa kai tsaye. Wadda ta yi watanni ko shekaru tana shafe jiki duka kada ta yanke rana ɗaya, domin sitiroyid ɗin ya ratsa jini, jikinta ya rage sarrafa nasa, yankewa farat ɗaya na iya kawo kasala mai tsanani, jiri da faɗuwar hawan jini. Likita zai tsara ragewa a hankali, ya auna suga, hawan jini da ƙoda. Fata za ta yi ja, zafi da ƙuraje na wasu makonni, kuma za ta yi duhu fiye da na da kafin ta daidaita. A nan ne da yawa ke komawa ruwa. Basilin, man kare rana da inuwa su ne abin riƙo a lokacin.

Abin da ba a kwana da shi

Ƙuraje da zazzaɓi tare da ciwon baki, jan ido ko saɓulewar fata bayan fara sabon magani, musamman na dangin salfa ko na farfaɗiya: a daina maganin, a tafi asibiti nan take. Haka ɗigo-ɗigon da ba sa ɓacewa in an danna, tare da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a lokacin zafi da ƙura. Borin jini da ya zo da kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi shi ma na gaggawa ne. Gyambon da ya haura wata bai warke ba, musamman a jikin zabiya, yana buƙatar likitan fata, kuma ana samunsu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ranar zuwa kada a shafa komai a wurin, a tafi da duk kwalaye da robobin da aka yi amfani da su, har da na haɗi da na gargajiya.